Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Ake Tafiyar da Harkar Jirgin Ƙasa

Wasiƙun wannan fitowar galibi daga sababbin shiga aikin jirgin ƙasa suka zo. Mun taƙaita su, mun haɗa masu kama da juna. Duk inda kuka ga mun ce "a ce", alƙaluman na misali ne don a ga yadda lissafin yake tafiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara aiki a sashen tikiti ba. Kullum jirginmu maƙil yake tashi, har ana mayar da mutane, amma manya na cewa asara ake yi. Ina kuɗin yake tafiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Cikar jirgi a tashar farko tana ruɗin ido. Hajar kamfanin jirgi ita ce kujera sau nisan da za ta yi. A ce jirgi mai kujeru 500 zai yi tafiyar kilomita 400. Abin da ya fito da shi kasuwa kujera-kilomita 200,000 ne, wato 500 sau 400. Ya tashi cike, amma a kilomita ta 100 mutum 300 suka sauka, 50 suka hau. A farkon tafiyar ya sayar da 50,000, a sauran kilomita 300 da mutum 250 ya sayar da 75,000. Jimilla 125,000, wato kashi 62.5 cikin 100. Idan a dawowa kashi 40 ya samu, to jirgin da kake gani maƙil rabinsa da ɗan ɗoriya kawai aka saya. Wannan lissafin akawun kamfani yake dubawa, kai kuwa layin mutane kake gani ta tagar ofis.

Sai ɓangaren kashewa, kuma nan gizo yake saƙar. Mai motar haya bai gina titi ba, yana biyan rabonsa ne ta haraji da kuɗin mai. Jirgin ƙasa shi ke ɗauke da titinsa. Kilomita ɗaya ta layin zamani tana da ƙarfen dogo tan 120, domin kowace mita ta ƙarfe ɗaya kilo 60 ce kuma biyu ne. Ƙarƙashinsu akwai sandunan kankare kusan 1,667, ɗaya a kowace santimita 60, sannan tsakuwa mai kaurin santimita 30 a ƙasan sandunan. Ga gadoji, magudanan ruwa, sigina, tashoshi da ma'aikatan da ke tsaron su. Ko jirage 2 ne suka bi a rana ko 40, dole a duba layin, a share magudana, a biya mai sigina. Idan jirage 2 ne, su kaɗai za su raba wannan nauyi. Shi ya sa layi mai ƙarancin zirga-zirga yake asara ko da kowane jirginsa a cike yake.

Taragai ma haka. Ana sayen su ne daidai da lokacin cunkoso. Taragon da ake buƙata awa 3 da safe da awa 3 da yamma, sauran yinin yana ajiye, amma bashin da aka saye shi da shi yana ci gaba da tafiya.

Ma'aunin da za ka riƙa ji a taro shi ne rabon kuɗin gudanarwa da kuɗin shiga. In an kashe 80 an samu 100, rabon 80 ne. In ya haura 100, ana zuba kuɗi daga wani wuri. Manyan kamfanonin jigilar kaya na Amurka da Kanada suna yawo tsakanin 60 da 70. Jiragen fasinja kuwa, a yawancin ƙasashe tikiti ba ya biyan kuɗin layi, gwamnati ce ke cike giɓin saboda amfanin da jama'a ke samu. A ganinmu, kafin a yi maganar ƙara kuɗin tikiti, a fara duba abu uku: kujerun da ke tafiya fanko a tsakiyar hanya, awannin da taragai ke yi a ajiye, da masu hawa ba tikiti.

Tambaya: An tura ni ɗakin kula da zirga-zirga don koyon aiki. Na lura layi yakan yi rabin awa ba abin da ya bi ta kansa, amma in aka nemi ƙarin jirgi sai a ce babu gurbi. Wane irin babu gurbi ne layi yana fanko?

Amsa: Malam, tambayarka ita ce uwar sauran. Amsar tana farawa daga ƙafar jirgi. Inda ƙafar ƙarfe ta taɓa ƙarfen dogo bai wuce faɗin santimita 1 da kewaye ba, kuma ƙarfe a kan ƙarfe ba ya riƙo kamar taya a kan kwalta. Wannan santsin ne ya sa jirgi ke jan kaya da man da bai kai sulusin na manyan motoci ba, kuma shi ne ya hana shi tsayawa da wuri. Jirgin fasinja mai gudun kilomita 160 a awa yana buƙatar fiye da kilomita 1 kafin ya tsaya. In gudu ya ninka, nisan tsayawa sau huɗu yake ƙaruwa. Ruwa, mai ko ganye a kan dogo suna ƙara shi. Ma'ana, kafin direba ya hango cikas ya riga ya makara. Don haka ba da ido ake tuƙa jirgi ba, da izini ake tuƙa shi.

Ana yanka layi zango-zango, a kafa sigina a bakin kowane zango. Dokar guda ce: jirgi ɗaya a zango ɗaya. Sigina ba za ta buɗe ba sai an tabbatar jirgin gaba ya fita gaba ɗayansa, har taragon ƙarshe. Ana tabbatarwa ta hanyoyi uku. Akwai ƙaramar wutar lantarki da ake sakawa cikin ƙarafan biyu, in ƙafafun jirgi suka hau sai su haɗe ta, na'ura ta gane akwai jirgi. William Robinson ne ya ƙirƙiro wannan a Amurka a 1872. Akwai na'urar da ke ƙirga ƙafafun da suka shiga zango da waɗanda suka fita, in lissafi bai daidaita ba sigina ta tsaya a ja. Sannan a tsofaffin layuka masu hanya ɗaya akwai sanda ko kwano na ƙarfe da ake miƙa wa direba, guda ɗaya tak ke iya fita daga na'ura a lokaci guda, wanda ba ya riƙe da shi ba ya shiga. Bayan wannan akwai kullen da ya haɗa sigina da ƙarafan canjin layi, yadda ba zai yiwu a buɗe wa jirage biyu hanyoyin da suka gitta juna ba. Birtaniya ta wajabta zango, kulle da birki mai kama kansa a layukan fasinja a 1889, bayan hatsarin jirgi na Armagh a Ireland da ya ci rayuka 80.

Yanzu ga lissafinka. A ce layinku hanya ɗaya ce, jirage na wuce juna a layin kaucewa, kuma tazara mafi tsawo tsakanin layukan kaucewa biyu kilomita 30 ce. Jirgi mai matsakaicin gudun 60 zai ci minti 30. Ƙara minti 5 na juya hanya da ba da izini, 35 ke nan. Cire awa 4 na masu gyara daga yini, saura minti 1,200. Raba da 35, ka samu jirage 34. Amma wannan a takarda ne. In ka cika su duka, jirgi ɗaya ya makara minti 10, na bayansa duk sun makara har dare, domin ba inda za a shanye jinkirin. Ƙungiyar layukan dogo ta duniya, UIC, wadda aka kafa a 1922, ta ba da shawarar kada layin da ke ɗaukar fasinja da kaya ya wuce kashi 75 na ƙarfinsa a lokacin cunkoso, da kashi 60 in an dubi yini gaba ɗaya. Kashi 60 na 34 jirage 20 ne, 10 ta kowace fuska. Rabin awar da kake ganin layi fanko, ko dai wani jirgi ne a cikin zangon can gaba inda ba ka gani, ko kuma sararin numfashin jadawali ne.

Lura da cewa zango mafi tsawo shi ke yanke wa dukan layin hukunci. Gina layin kaucewa a tsakiyar wannan kilomita 30, minti 35 ya koma 20, sai matsalar ta koma zango na biyu a tsawo. Kashe kuɗi a wani wuri dabam ba zai ƙara ko jirgi ɗaya ba.

Abu na biyu mai cin gurbi shi ne bambancin gudu, kuma yana aiki har a layi mai hanya biyu. A ce tafiyar kilomita 100 ce, jirgin fasinja yana yin ta a minti 50, na kaya a minti 100, kuma ana iya sakin jirage a tazarar minti 5. In duk na fasinja ne, 12 za su bi a awa. Saka na kaya ɗaya minti 5 bayan na fasinja. Zai isa a minti na 105. Na fasinja mai bi masa ba zai isa kafin minti na 110 ba, don haka sai a minti na 60 zai tashi. Jirgin kaya ɗaya ya cinye gurabe 11. Maganinsa shi ne a jera masu gudu iri ɗaya a bayan juna, ko a kautar da na kaya a tsakiyar hanya a wuce shi, ko a tura shi dare. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa Japan ta gina wa jirginta mai tsananin gudu, Shinkansen, layinsa shi kaɗai a 1964.

Tambaya: Ni a sashen kasuwanci nake. Wani kamfani yana son mu riƙa kai masa tan 300,000 a shekara. Ta yaya zan san yawan taragan da za mu ware kafin mu sa hannu?

Amsa: Malama, madalla da kika tambaya kafin sa hannu. Fara da lokacin juyi, wato daga ranar da aka ajiye tarago fanko don lodi zuwa ranar da ya dawo fanko wurin. A ce kowane tarago na ɗaukar tan 50, jirgi ɗaya taragai 30, tan 1,500. Kwangilar na buƙatar sahu 200 a shekara. A ce lodi kwana 1, tafiya 2, saukewa 1, dawowa 2, juyi kwana 6. A kwanakin aiki 330, jerin taragai ɗaya zai yi sahu 55. Kina buƙatar jeri 4, taragai 120, da ƙarin kashi 10 na waɗanda za su kasance a wurin gyara, 132.

To, bari mai kayan ya riƙe taragai ƙarin kwana 3 a harabarsa saboda rumbunsa ya cika. Juyi ya koma kwana 9, sahu 36 a shekara, jeri 6, taragai 198. An ƙara miki taragai 66 ba tare da an ƙara tan ɗaya ba. Saboda haka kwangila mai kyau take faɗin awannin lodi da saukewa na kyauta, da tarar kowace awa ko yini da ya biyo baya. Ba don a ci ribar tarar ake sa ta ba, don kada tarago ya zama ɗakin ajiya ne. Ki sa mafi ƙarancin tan da zai biya ko ya kawo kaya ko bai kawo ba, tunda kin hana wasu taragan dominsa. Ki kuma sa kuɗin dawowa fanko cikin farashi, sai dai in kin samu kayan dawowa da taragon zai iya ɗauka. Tankar mai ba za ta dawo da kwantena ba.

Kafin ki ce taragai 30, ki je wurin injiniyoyi da tambaya uku. Ta farko hawa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ana buƙatar ƙarfin ja na kusan kilo 2 ga kowane tan. Hawan mita 1 a cikin 100 yana ƙara kilo 10, ya zama 12, wato ninki shida. Kan jirgi mai nauyin tan 120 da ƙafafunsa ke iya riƙon kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa yana da ƙarfin ja na tan 30. A hawan 1 cikin 100 zai ja tan 2,500 har da nauyin kansa, a hawan 2 cikin 100 kusan tan 1,360. Kada ki manta nauyin taragan kansu yana ciki. Tudu ɗaya mafi tsauri a hanyar shi ke tsayar da nauyin jirgin, in ba za a ƙara kai na biyu ba.

Ta biyu tsawon layukan kaucewa. Jirgin da ya fi su tsawo ba zai iya kauce wa kowa ba. Ta uku nauyin da layi da gadoji suka yarda kowane aksil ya ɗauka, wato sandar da ta haɗa ƙafafu biyu. A manyan layukan Turai tan 22.5 ne, a Amurka ta Arewa kusan 32.5, a layukan tama na Pilbara a Ostireliya ya kai 40. Tarago mai aksil 4 a layin tan 22.5 zai kai tan 90 da kayansa. A layin tan 16, iyakarsa 64. Gada ɗaya mai rauni ta isa ta sauko da dukan hanyar.

Abu na ƙarshe, mai kaya daga ƙofa zuwa ƙofa yake lissafi. In sai mota ta kawo kayan tasha, wata ta kwashe a can, to a gajeriyar tafiya kuɗin lodi biyu zai cinye rangwamenki. Kaya mai nauyi, mai yawa, mai nisa, mai zuwa a kai a kai, shi ne abincin jirgi.

Tambaya: Shin gaskiya ne layi mai ƙaramin faɗi ya tsufa, dole sai an koma babba?

Amsa: Ba dole ba ne. Faɗin layi shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu. Wanda ya fi yawa shi ne milimita 1,435, gadon injiniyan Birtaniya George Stephenson, kuma fiye da rabin layukan duniya a kansa suke. Akwai 1,067 a kudancin Afirka da tsofaffin layukan Japan, 1,000 a sassan gabashin Afirka da Brazil, 1,520 a Rasha, 1,676 a Indiya da Pakistan. Gudu sosai yana son faɗi, amma nauyi bai damu ba. Layin tama na Sishen zuwa Saldanha a Afirka ta Kudu, mai tsawon kilomita 861, a kan 1,067 yake, kuma jiragensa na jan taragai fiye da 300. Abin da ke rage wa tsofaffin layuka ƙarfi galibi siririn ƙarfe ne, kwana mai tsauri da gadoji marasa ƙarfi. Babbar illa tana inda faɗi biyu suka haɗu: sai an sauke kaya an sake lodawa, da ɓata lokaci da ɓarna. Birtaniya ta sha wannan har ta yi dokar daidaita faɗin layi a 1846, kuma sai 1892 aka gama cire layin injiniya Brunel mai faɗin milimita 2,140.

Tambaya: Duk lokacin da aka ƙara tarago ko aka canja kan jirgi, sai an tsaya gwajin birki, fasinja na ta ƙorafi. Tunda birkin yana aiki ɗazu, me ya sa ba za a wuce ba?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan kam babu ciniki. Birkin jirgi da iska yake aiki, bisa tsarin da George Westinghouse ya fitar a 1872. Bututu ɗaya ya bi jirgin daga kai har wutsiya, cike da iska mai matsin bar 5 (bar ma'aunin matsin iska ne) a tsarin Turai, ko sama da 6 kaɗan a jiragen kayan Amurka. Kowane tarago yana da tankinsa da bawul. Muddin matsin bututu yana nan, birki a sake yake. In direba ya rage matsin, bawul ya tura iskar tanki zuwa birki. Rage bar 1.5 shi ne cikakken birki. In jirgi ya tsinke, bututu ya yage, iska ta fita, kowane ɓangare ya kama birki da kansa.

Raunin tsarin yana mahaɗa. Tsakanin kowane tarago biyu akwai tiyo da famfo biyu. Duk mai cire tarago sai ya rufe famfo. In ya manta bai buɗe ba bayan haɗawa, duk taragan da ke bayan wurin sun yanke daga direba, alhali agogon auna iskar da ke gabansa yana nuna bar 5 lafiya lau, domin guntun bututun gaba kawai yake aunawa. Ba zai sani ba sai ya nemi birki. Abin da ya faru ke nan a tashar Lyon ta birnin Paris a watan Yuni 1988: an rufe famfon da ke bayan taragon farko a lokacin da ake ƙoƙarin sakin birki, jirgin ya gangaro cikin tasha, mutum 56 suka mutu.

Gwajin kansa ba shi da wuya. A haɗa tiyo, a buɗe famfo biyu, a cika bututu. A rufe hanyar cikawa na minti 1 a ga ko matsin na zuba fiye da ƙa'ida. Direba ya kama birki, mai dubawa ya tabbatar da idonsa cewa birkin taragon ƙarshe ya kama. Direba ya saki, a tabbatar ya saki. In sabon jirgi aka jera, tarago-tarago ake bi.

Haka nan kada a dogara da iska wajen ajiye jirgi, domin tana zurarewa a hankali in inji ya mutu. A watan Yuli 2013 an ajiye jirgi mai tankokin ɗanyen mai 72 a kan gangara a Kanada da birkin hannu 7 kacal. Aka kashe injin bayan wata gobara, iska ta zube, jirgin ya gangara garin Lac-Mégantic, mutum 47 suka rasu. Ƙa'ida ita ce a ɗaure birkin hannu gwargwadon nauyi da gangara, sannan a saki na iska gaba ɗaya a ga ko jirgin zai motsa. Maganin ƙorafin fasinja kuwa shi ne a sa mintunan gwaji cikin jadawali tun farko.

Tambaya: Na ji ana cewa a raba mai layi da mai jirgi. Wanne tsari ya fi?

Amsa: Duka biyun suna aiki a wani wuri, sun kuma gaza a wani. A Amurka kowane babban kamfani shi ke da layinsa da jiragen kayansa, kuma harkar ta farfaɗo bayan dokar Staggers ta 1980 ta ba su damar ƙulla farashi da masu kaya kai tsaye. Japan ta raba kamfaninta na ƙasa a 1987 zuwa na fasinja 6 bisa yanki da na kaya 1, kowane na fasinja da layinsa. Turai ta bi wata hanyar. Sweden ta raba layi da jirage a 1988, Tarayyar Turai ta nemi a raba asusunsu daga 1991, yadda mai jirgi zai sayi gurbi ya biya kuɗin bin layi gwargwadon nisa da nauyi. A Hong Kong, kamfanin jirgin ƙasa na MTR yana samun kaso mai tsoka daga gidaje da kantunan da ke kan tashoshinsa.

Rabuwa tana kawo gasa kuma tana fito da kuɗin kowane ɓangare fili. Amma ƙafa da dogo suna cin juna, kuma in masu su daban ne, kowa zai so ɗayan ya biya. Tarago mai lalatacciyar ƙafa yana dukan ƙarfen wani, mai layi da ya jinkirta gyara yana makarar da jirgin wani. Sai an kafa mai sa ido, da tsarin ɗora kowane minti na jinkiri a kan mai laifi. A Birtaniya, bayan ƙarfe ya farfashe a Hatfield a watan Oktoba 2000 mutum 4 suka mutu, kamfanin Railtrack, mai layukan ƙasar a lokacin, ya rage gudu a wurare fiye da 1,000 saboda bai san halin da sauran ƙarafansa ke ciki ba. Ya durƙushe a 2001, Network Rail ya gaje shi a 2002. Ra'ayinmu: inda jirage kaɗan ne kuma babu masu gasa da ke jira, rabuwa ofisoshi kawai take ƙarawa.

Tambaya: Kuɗi ya yi ƙaranci a wurinmu, ana shawarar a dakatar da gyaran layi shekara ɗaya tunda jirage na bi lafiya. Akwai illa?

Amsa: Akwai, Malam, sai dai ba a shekarar farko take bayyana ba, shi ya sa shawarar take da daɗin ji. Lalacewar layi da ruwa take farawa. Magudana ta toshe, ruwa ya kwanta, laka ta taso cikin tsakuwa. Sandar kankare ta fara lilo duk sanda ƙafa ta bi, wurin ya lotsa. Lotsawa ta ƙara ƙarfin duka, duka ya niƙe tsakuwa ya sassauta maɗaurai. Aikin da shebur zai yi bana, baɗi sai injin dannar tsakuwa, bayan wasu shekaru sai an tone an sake shimfiɗa.

Injiniya ba zai bari jirgi ya faɗi ba, zai rage gudu, kuma nan asarar take shiga littafin kasuwanci. A ce an rage kilomita 1 daga gudun 80 zuwa 20. Jirgi mai tsawon mita 600 ba zai ƙara wuta ba sai wutsiyarsa ta fita, don haka kilomita 1.6 zai yi a hankali, kusan minti 5 maimakon minti 1 da ɗoriya. Haɗa da lokacin rage gudu da na sake ɗauka, minti 6 sun tafi, da ƙarin mai. Wurare 10 irin wannan awa guda ce. Ɗan rarar da ake sakawa a jadawali, kashi 5 zuwa 7 na lokacin tafiya, ba zai shanye ta ba. Jirage su daina haɗuwa a layin kaucewar da aka tsara, direbobi su wuce awanninsu a nemi masu canji, juyin taragai ya tsawaita.

In dole ne a rage, akwai abubuwan da ba a taɓawa: sintirin duba layi, share magudana kafin damina, gwajin ƙarfe da na'urar gano tsagewar ciki, kula da ƙarafan canjin layi, da lura da zafi. Na ƙarshen nan ana yawan raina shi. Ƙarfen dogo yana miƙewa milimita 11.5 a kowace kilomita in zafi ya ƙaru da digiri 1, kuma a rana tsaka yakan fi iska zafi da kusan digiri 20. A layin da aka yi wa walda ya zama dogon ƙarfe ɗaya, ba inda zai miƙe, sai ƙarfin ya taru a ciki, kusan tan 1.9 ga kowane digiri a ƙarfe mai kilo 60. Digiri 30 sama da zafin da aka ɗaure shi a kai kusan tan 57 ne a kowane ƙarfe, kuma tsakuwar da ke riƙe da sanduna ce babban abin da ke hana layin lanƙwashewa. Don haka ake ɗaure ƙarfe a zafin da ya dace da yanayin wurin, a Birtaniya digiri 27, a ƙasashe masu zafi sama da haka. Ba a tona tsakuwa a ranar tsananin zafi. In an yanke ƙarfe don gyara, a auna abin da aka cire da abin da aka mayar, a rubuta zafin ƙarfen a lokacin, a dawo a daidaita shi kafin bazara. Bayan an danne tsakuwa kuma a bar gudu a ƙasa har sai jirage sun bi ta zauna.